Wa Ke Auna Abin da Waya Ta Canza a Kwarin Rima?



Duk wanda ya sauka fadamar Argungu lokacin yankan shinkafa zai ga abin da kakanninmu ba su gani ba: manomi tsaye cikin laka, lauje a hannu guda, waya a ɗaya, yana tambayar nawa buhun shanshera ya kwana a Birnin Kebbi. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuwa ya sa har mai kifi ya koyi cewa "turo ta waya". Kowa ya san rayuwa ta canza. To, ta ina, kuma wa ya ci riba?

A ƙasar Sin ba a bar wannan tambaya ga hirar majalisa ba. Tun 1997 cibiyar CNNIC ke fitar da rahoton masu amfani da intanet, yanzu sau biyu a shekara, kuma a 2021 ta ce sun haura biliyan ɗaya. A binciken da suka wallafa a 2013, Gary King na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa biyu sun kwashi miliyoyin saƙonni daga shafukan Sin kafin a goge su. Suka gano cewa hukuma kan ƙyale mai zagin jami'i, amma da an ce a taru, sai rubutun ya ɓace. Ba yabon tsarin nake yi ba, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne, sai da aka ƙirga kafin a gane.

Kada a ce Sin ta yi nisa. Ga Nijar nan bayan Kamba. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwa ya daina ɗaukar buhu kan jita-jita.

Mu fa? Ai ba mu rasa masana ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, ga ta jiha a Aliero, ga Kwalejin Waziri Umaru, ga ta Adamu Augie a Argungu. Sai dai hanya mafi sauƙi ga ɗalibi ita ce ya raba takardar tambayoyi da Turanci ga abokan ajinsa, ya rubuta cewa Facebook na hana karatu, a ba shi maki. Wannan takarda ba za ta taɓa isa hannun mai sayar da shinkafa da ba ta karatun boko ba, alhali kullum tana aika saƙon murya a WhatsApp. Ba za ta kai ga masuncin kogin Matan Fada ba, balle tsohon da ke jin labarin intanet daga bakin jikansa.

Tambayoyin na nan birjik. Tunda manomi ya san farashin kamfanin casa kai tsaye, dillali ya rage cin riba ne, ko salo kawai ya sauya? Kuɗin data nawa ke fita daga gidan da buhu goma ne nomansa? Aikin bai buƙatar na'ura mai tsada: littafi, biro, da ɗalibi mai haƙurin zama kasuwannin Argungu, Jega da Kamba daga shuka har girbi.