Barabbas Ya Shiga Talabijin

Ran 27 ga Nuwamba 1989 wani jirgin sama na kamfanin Avianca ya tashi daga Bogota, babban birnin Kolombiya. Bai yi nisa ba bam ya fashe a cikinsa, mutum 107 da ke ciki suka hallaka. Wanda ya sa aka ɗana bam ɗin shi ne Pablo Escobar, uban masu fataucin hodar iblis na birnin Medellin. Wa zai iya ambaton sunan ko mutum biyu daga cikin matattun nan? Amma Escobar, har yaron da bai haddace Addu'ar Ubangiji ba ya san gashin bakinsa.

Wannan aikin wasannin talabijin ne. A 2015 kamfanin Netflix ya fito da Narcos. Ana nuna mugun nan yana sumbatar uwarsa, yana wasa da 'ya'yansa, yana raba wa matalauta kuɗi. Ɗan sandan da aka harbe kuwa, faɗuwarsa kaɗai ake gani, sai labari ya wuce. Shi ba shi da uwa ne?

Masu kare wasannin suna cewa ai ana nuna ƙarshen mugu. Gaskiya ne, an harbe Escobar a kan rufin gida a Disamba 1993, wasan ma ya nuna haka. Amma sai a kashi na 20. Kashi 19 yaro yana kallon yadda ake durƙusa wa mai bindiga, sa'an nan a ce dare ɗaya zai wanke masa zuciya! Ko wasan da gidan talabijin na Caracol ya yi a 2012, wanda dangin waɗanda Escobar ya kashe suka shirya da kyakkyawar niyya, sunansa ya ɗauka, ba nasu ba. Taron da ya tsaya gaban Bilatus ma ya san Barabbas mai kisankai ne, duk da haka shi ya zaɓa.

Kada iyaye su ce abin na nesa ne. A 2022 an kama hodar iblis fiye da kilo 200 a arewacin Nijar. Masu safarar nan samari suke nema, saurayin da ya riga ya ƙaunaci maigidan a waya kuwa ba ya wuyar saye.

In jarumi ake so, ga Fada Pino Puglisi na unguwar Brancaccio a Palermo ta Italiya. Aikinsa janye yara daga hannun 'yan Mafiya, da makaranta da wasan ƙwallo. Saboda haka suka harbe shi a ƙofar gidansa ran 15 ga Satumba 1993, ranar da ya cika shekara 56. Wanda ya harbe shi ya shaida daga baya cewa Fada ya dube su ya yi murmushi.