Abin da hatsarin Perkoa ya kamata ya sauya a makarantun injiniyoyi

Ranar 16 ga Afrilun 2022, tun damina ba ta kankama ba, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Perkoa da ke Burkina Faso. Ambaliya ta kwarara cikin mahaƙar tutiya ta kamfanin Trevali na Kanada, ta rutsa da ma'aikata 8 a ƙarƙashin ƙasa. An shafe wata guda ana zuƙe ruwa kafin a kai ga ɗakin tsira da ake fatan sun fake a ciki. Da aka buɗe, babu kowa. Dukansu sun rasu, kuma a watan Satumba kotun Kudugu ta samu manajoji biyu da laifin kisa ba da niyya ba.

Hukuncin ya nuna cewa ruwan sama ba ya wanke wanda ke riƙe da amanar rayukan ma'aikata. Ina ruwa zai bi idan magudana ta cika? Wa zai ba da umarnin fita, cikin minti nawa? Waɗannan tambayoyin lissafi ne, kuma a aji ya kamata ɗalibi ya fara karo da su.

Sai dai a makarantu da dama na ƙasashe renon Faransa, kariya daga haɗari na zaman fanni ne mai cin gashin kansa, wanda ake kira QHSE, ko ɗan darasin ƙarshen shekara. Sakamakon haka, mai zana rami ko gada yakan ɗauka cewa kariya aikin wani jami'i ne da zai zo daga baya ya raba hular kwano da takalma. Alhali hular kwano ita ce matakin ƙarshe. Matakin farko shi ne a cire haɗarin tun a zane. In bai ciru ba, a yi masa shinge.

Maganar ta shafi Nijar kai tsaye. Makarantar EMIG ta Yamai na yaye waɗanda za su iya samun kansu a mahaƙar yuraniyom ta Arlit, ko matatar SORAZ ta Damagaram, ko kan bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. A Gana, jami'ar ma'adinai ta Tarkwa tana da sashe sukutum na injiniyancin muhalli da kariya. Abin yabo ne, muddin bai zama dalilin da sauran sassa za su naɗe hannu ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda manhajoji ba su cika kulawa da shi ba. Ɗalibi ya koyi ƙa'idojin da Faransanci ko Turanci, amma leburan da zai jagoranta a wuri kamar Maradi sau da yawa Hausa ce ta haɗa su. Gargaɗin da aka liƙa a bango da harshen da lebura ba ya karantawa, ado ne kawai.

Wani wurin ma babu injiniyan sam. A Garin Liman, kusa da Ɗan Issa a jihar Maradi, ramukan zinariya sun rufta a Nuwamban 2021, aƙalla mutum 18 suka mutu. Da za a riƙa tura ɗaliban shekarar ƙarshe irin waɗannan wurare yin aikin gwaji, tare da malamansu, za su koyi duba taurin ƙasa da tokare bangon rami, su kuma bayyana wa mahaƙa tazarar da ya kamata a bari tsakanin rami da rami, da harshen da mahaƙan ke ji.