An sayi sunan Abit, ba a sayi amana ba

A ƙarshen shekara ta 2008 wani kamfanin ƙasar Taiwan mai suna Abit ya daina ƙera uwar allon kwamfuta, wato faffaɗan farantin nan da ake dasa ƙwaƙwalwar na'ura da sauran kayan cikinta a bisansa, wanda masu gyara ke kira kart-mer. Galibin jama'a ba su san an yi ba, domin wanda ya sayi na'ura haɗaɗɗiya bai damu da sunan abin da ke cikinta ba. Amma akwai waɗansu mutane a Amurka da Turai da Asiya da ba su sayen haɗaɗɗiya. Guntu-guntu suke saye, su haɗa da hannunsu. Su kam labarin ya zo musu tamkar rasuwar tsohon aboki.

Wannan ƙauna ba a banza ta samu ba. A da, duk mai son canza saurin ƙwaƙwalwar sai ya buɗe akwatin na'ura, ya ɗauki hantsaki, ya ciccire waɗansu ƴan marufan roba ya sake dasa su bisa tsinkayen ƙarfe, littafin bayani na buɗe gabansa, zuciya na ɗar-ɗar. Abit ya zo da dabarar da ya sa wa suna SoftMenu: mutum na zaune, da madannai kaɗai zai shiga BIOS, tsarin da ke tada na'ura, ya zaɓi saurin da yake so. A shekara ta 1998 kamfanin ya fitar da allon BH6, daidai lokacin da Intel ya fitar da ƙwaƙwalwa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Masu haɗi suka gano cewa in an ɗaga bugun allon daga 66 zuwa 100, ƴar arahar nan sai ta yi gudun 450, ta kamo Pentium II wadda kuɗinta ya ninka nata sau da dama. Shekara guda bayan haka allon BP6 ya ba da damar ɗora Celeron biyu a na'ura ɗaya, abin da Intel bai yi nufin a yi ba sam. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi sai ya ga ga wani kamfani da ya tsaya ɓangarensa, ya ba shi dokin sarki da kuɗin jaki.

Daga nan ne rana ta fara karkata. A farkon shekarun 2000 wata annoba ta faɗa wa kayan lantarki: kondansatoci marasa kyau, ƴan gwangwanayen nan da ke tsaitsaye bisa allo, suka riƙa kumbura suna yoyo, na'ura ta riƙa mutuwa ba dalili. Kamfanoni da yawa abin ya shafa, har da manya irin Dell. Abit na cikin ƙalilan da suka fito fili suka amsa, kuma masoyansa da dama suka yafe masa saboda wannan gaskiyar. Abin da bai gyaru ba shi ne tafiyar mutane. A 2003 injiniya Oskar Wu, ɗaya daga cikin gwanayen gidan, ya koma kamfanin DFI ya jagoranci alluna masu suna LanParty, kuma masu ƙure gudun na'ura da yawa suka bi sawunsa. A watan Disamba na 2004 kasuwar hannun jari ta Taiwan ta sa Abit cikin tuhuma saboda lissafin kuɗinsa da bai gamsar ba.

A 2006 kamfanin USI ya sayi sashen alluna tare da sunan, aka koma kiransa Universal Abit. Lissafin mai saye a bayyane yake: suna mai farin jini zai jawo masu saye da kansa. To, amma amanar masu haɗi ba ga haruffa huɗun da ke jikin kwali take ba. Tana ga hannun da ya zana allon, da kuma jin cewa ana sauraronsu. Ko da allon IP35 Pro na 2007 ya samu yabo, bai isa ya riƙe gidan ba. Dabarar SoftMenu kuwa tuni kowane kamfani ya yi irin tasa, har ta zama ruwan dare.

Wanda ya fi cutuwa shi ne amintaccen da ya tsaya har ƙarshe. Uwar allo ba kujera ba ce da za a saya a manta da maƙerinta. Tana buƙatar sabon BIOS in sabuwar ƙwaƙwalwa ta fito ko an gano wani aibu, tana buƙatar garanti in ta lalace. Ranar da maƙera ta rufe, allon ya zama maraya, ko da yana aiki lafiya lau.

Waɗanda suka bi Oskar Wu ma ba su daɗe cikin inuwa ba, domin bayan ƴan shekaru DFI ya bar allunan masu haɗi ya maida hankali ga na masana'antu. A Janairun 2013 Intel da kansa ya sanar da janyewa a hankali daga ƙera allunan kwamfutar tebur. Yau kasuwar na hannun Asus da Gigabyte da MSI da ASRock, dukansu ƴan Taiwan.

Allon BP6 kuwa har yanzu yana yawo hannu zuwa hannu tsakanin masu tara tsofaffin na'urori. Wanda ya samu ɗaya, aikinsa na farko shi ne ya zauna da dalma da ƙarfen liƙi, ya cire kumburarrun kondansatocin ɗaya bayan ɗaya, ya dasa sababbi.