Ina Zazzaɓin Cizon Sauro a Labaranmu?



A labaranmu, da an yi wa jaruma kishiya sai ta yanke jiki ta faɗi, likita ya cire gilashi ya ce zuciyarta ta kumbura. Amma ciwon da ke kwantar da yaran Rano da Kibiya duk damina, wato zazzaɓin cizon sauro, da ƙyar muke ambatonsa.

Da damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida kowane wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi. Na kwana uku ne. Na ranar farko a gabansu ake sha, na sauran kwana biyun uwa ce za ta bayar. A nan gizo ke saƙar: da ta ga yaro garau yana wasa, sai ta tura sauran ƙarƙashin katifa, kariyar ta raunana.

Haka in jiki ya yi zafi, sai a ruga kemis a sayo "na maleriya da taifot" ba gwaji, alhali gwajin ɗigon jinin yatsa bai wuce minti 20 ba. Sai yaro ya fara jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat, sannan a garzaya Babban Asibitin Rano ana neman jini.

Iyayen yaran nan su ne ke karanta mu a waya bayan isha'i. Mu ba su jarumar da ta ƙarasa maganin kwana na uku, da mijin da ya ɗinke hujin gidan sauro kafin ya kwanta. Mai karatu kan kwaikwayi wanda take so.

Allah Ya ba mu lafiya.