Wa Ya Fi Cancanta A Kira Shi Maharbi?

A Ingila da Amurka akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya, dangin zabo da fakara, wanda Faransawa ke kira fezan. Asalinsa daga Asiya yake, amma yau farautarsa babbar harka ce a ƙasashen nan biyu. Akwai kuma wata magana da 'yan harkar ke yawan maimaitawa: wai duk wanda ya fita farautar fezan shi kaɗai, ba kare, ko dai bai san abin da yake yi ba, ko kuma ba shi da tausayi. Ni kam ban yarda ba.

Hujjarsu ita ce fezan ya fi son gudu da ƙafa a kan tashi sama. In harbi ya karya masa fiffike kawai, sai ya shige ciyawa ya ɓace, ya je ya mutu a wahalce inda hancin kare kaɗai zai gano shi. Wannan gaskiya ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Jama'a, mu leƙa Ingila, inda ake alfahari da karnukan ɗauko tsuntsu. Duk shekara ana kiwon fezan fiye da miliyan 30 kamar kajin gona, a sake su a gandayen attajirai kafin a buɗe farauta ran 1 ga Oktoba. Ranar harbi, sai a ɗauki 'yan ƙwadago su jeru da sanduna suna kaɗa ciyawa, suna koro tsuntsayen zuwa kan masu bindiga da ke tsaye wuri ɗaya. A 1913, a gandun Hall Barn, Sarki George na Biyar da abokansa sun kashe 3,937 a yini guda. Cikin waɗanda ake saki kuwa, waɗanda ake harbewa ba su kai rabi ba. Saura yanyawa ta cinye, mota ta take, cuta ta kashe. Wannan farauta ce, ko yankan kaji da bindiga?

Sai mu tsallaka Amurka, jihar Dakota ta Kudu, mu ga mutumin da ake zargi. Doka ta ba shi maza uku a yini, macen kuwa ba a taɓa ta. Yana bin gefen gona da bakin kwari a hankali, ya yi taku kaɗan ya tsaya cik, domin shirun nan ne ke tsorata tsuntsun da ya laɓe har ya tashi. Ranar da ƙanƙara ta zuba, sawu yake bi. Tun da ba shi da kare, ba ya harbin nesa. In ya harba, idonsa na kan inda tsuntsun ya faɗi, ya nufi wurin kai tsaye, ko da wani ya tashi a gabansa. Sau da yawa hannu rabbana yake komawa gida.

Duk wanda ya san maharban zabon daji a karkararmu ya san wannan haƙuri. Kare mataimaki ne, amma maharbin da ba ya iya riƙe yatsansa zai ci gaba da raunata tsuntsaye ko da karnuka goma yake tafe. In tausayin fezan ne ya dame ku, ku fara ƙirga gawa a inda ake zubar da ita dubbai, sannan ku zo kan mai tsuntsu uku a jaka.