Faston kirki riba ce ga maƙwabcinsa Musulmi

Tun da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024, Gadarif ta cika ta batse da 'yan gudun hijira. Makarantunmu suka koma masauki, ajin da nake koyar da lissafi ya zama ɗakin kwanan iyalai. Cikin waɗanda suka iso akwai Kiristoci, akasari 'yan asalin Duwatsun Nuba da 'yan Kudu da suka daɗe a Khartum da Jazira. A kan jagororinsu na addini nake son mu yi magana, domin ina ganin mu Hausawa muna da ruwa da tsaki a ciki.

Na san wani zai ce, Malam, ina ruwan biri da gada? Mu Musulmi ne, me ya haɗa mu da fasto? Unguwa ce ta haɗa mu. Abin da ake faɗa wa maƙwabcinka ranar Lahadi, da shi zai tarye ka a layin ruwa ranar Litinin. In an ce masa kai abokin gaba ne, za ka gani a fuskarsa. In an ce masa haƙƙinka na wuyansa, shi ma za ka gani.

Yaƙin nan ya tace jagorori. A unguwar Shajara ta Khartum, wani fada ɗan Indiya, Jacob Thelekkadan, da wasu sistoci sun zauna a gidan Dar Maryam fiye da shekara guda tare da gomman mutane, yawancinsu mata da yara, ga harsasai ga yunwa, har aka fitar da su a Agustan 2024. Bishop ɗin Katolika na Al'ubayyid, Yunan Tombe Trille, ya ƙi barin garinsa. A ƙarshen 2024 ya je Sudan ta Kudu, inda babu wanda zai zarge shi in ya yi zamansa, amma ya kamo hanyar komawa, 'yan bindiga suka lakaɗa masa duka a hanya. Ban yarda da aƙidarsa ba, shi ma bai yarda da tawa ba. Amma mutumin da ya koma cikin wuta saboda amanar da aka ba shi, wallahi ya ci a girmama shi.

A nan ma na ga irinsu, ba su da suna a jarida. Akwai wani dattijon fasto da ya iso da jama'arsa makarantarmu. Ranar da rikici ya tashi kan rabon abinci, matasansa suka fara cewa ana fifita Musulmi, shi ne ya tsawata musu, sannan ya je ya sami liman suka zauna suka sake duba sunaye. Da wani ne mai neman suna, da ya hura wutar ya tara mabiya.

'Yan uwanmu na Najeriya sun san wannan karatu da jini. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf ya shigo Kaduna, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwa biyu. Kowannensu yana jagorantar matasa masu ɗaukar makami. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare, har suka shiga tsakanin mutanen Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Mutum ɗaya ne Wuye, amma dubi tazarar da ke tsakanin wa'azinsa na da da na baya, ka ƙirga rayukan da ke ciki.

Ba cewa nake duk fasto haka yake ba. Akwai masu sayar da mu'ujiza, masu tatsar zakkar talakan coci suna sheƙe aya a Facebook. To, mu ma ai muna da malaman tsibbu da masu wa'azin wanda ya fi ba da kuɗi. Mudu ɗaya za mu yi awo da shi. Masu tsoron kada a janye mana yara kuwa, maganinsu a gyara Islamiyya a biya malamanta, zagin coci ba ya koya wa yaro ko alifun.

Sannan kada mu manta inda muke. Habasha tana nan bayan Gallabat, ƙasar da Sahabbai suka fara yin hijira zuwa gare ta, sarkinta Kirista Najjashi ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Mu kanmu kuma, a Yulin 2022 a Damazin da Rusairis, an kashe Hausawa ana ce mana baƙi, alhali kakanninmu sun fi ƙarni a ƙasar nan. Wanda ya sha wannan ɗaci bai kamata ya yi shiru ba in ya ji ana ce wa Kirista ɗan Nuba ya koma Kudu, kamar yadda aka riƙa yi bayan rabuwar 2011, lokacin da gwamnatin Bashir ta rusa coci-coci a Khartum ta daina ba da izinin gina sababbi.

Roƙona ga limamanmu da masu unguwanni ƙarami ne. Duk unguwar da ke da coci, a sa fastonta cikin kwamitin rabon agaji da na takiyya, a ba shi kujera tun ranar da ake rubuta sunaye, kada a jira sai faɗa ya tashi sannan a aika yaro ya kira shi.