Darajar Jami'a Daga Ɗakin Bincike Take Fitowa

A 'yan shekarun nan da wuya a sami jami'a a ƙasar nan wadda ba ta tsara wa kanta manufar inganta bincike da neman suna a idon duniya ba. Shugabanni sun zuba ido kan jerin darajar jami'o'i da mujallar Times Higher Education take fitarwa duk shekara, wanda ba a shigar da jami'a cikinsa sai malamanta sun wallafa maƙalu 1,000 a cikin shekara biyar. Burin yana da kyau, muna kuma maraba da shi. Hanyar da za a bi ce ta dame mu, domin malami ne zai ɗauki kayan, iyalinsa kuma su ne za su jure rashinsa a gida.

Akwai abin koyi a hanyar da Jami'ar Bayero ta Kano ta bi. A 2012 ta kafa cibiyar binciken noma a yankunan da ruwan sama bai wadata ba, da tallafin Gidauniyar MacArthur. A 2014 cibiyar ta shiga sahun cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya yake tallafa wa, ɗalibai kuma suka riƙa zuwa daga maƙwabtan ƙasashe neman digiri na biyu da na uku. A 2019 jami'ar ta sami cibiya ta biyu irin wannan, ta lafiyar al'umma, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Hadiza Galadanci.

Farfesar ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya a wani babban bincike kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni don a gane yawan jinin da ta zubar da wuri, aka kuma haɗa mata magunguna a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna raguwar mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. A 2024 mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a fannin lafiya.

Darasin a fili yake. Cibiyoyin nan biyu matsalar ƙofar gida suka kama, wato fari a gona da mutuwar mata wajen haihuwa. Sun sami kuɗin da aka tabbatar musu na shekaru, sun yi aiki a ƙungiyance, sun kuma ƙulla abota da takwarorinsu na waje. Sunan duniya daga baya ya biyo su.

Manufar da ta tsaya ga ƙidayar maƙalu kuwa, ƙarshenta nadama. Idan aka ɗaure ƙarin girman malami da yawan abin da ya wallafa kawai, za a tura shi hannun mujallun 'yan kasuwa masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba, a kuma yawaita al'adar “sa sunana, in sa naka”. Haka nan malamin da yake koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yana duba takardunsu har tsakar dare, yana sayen man janareta daga albashinsa, ba shi da sauran ƙarfin da zai yi bincike mai zurfi. Yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022 sun nuna yadda rashin cika alkawari yake katse aiki. Gwajin da damina ta wuce shi sai wata shekara.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'i da su rubuta abubuwa huɗu a cikin kowace manufa: rage wa mai bincike nauyin darasi a hukumance, tabbatar da lantarki da intanet a ɗakunan gwaji, auna ingancin aiki kafin yawansa wajen ƙarin girma, da ware wa ƙananan malamai kuɗin fara bincike. Asusun TETFund, wanda tushensa yarjejeniyar da malaman jami'o'i suka cimma da gwamnati a 1992, yana da kason bincike. Wajibi ne a bayyana wa kowa sharuɗɗan samunsa, a kuma fitar da kuɗin a kan kari.

Mu ma akwai namu nauyin. Mu ƙaurace wa mujallun bogi, mu ƙi sa suna a aikin da ba mu yi ba, mu kuma riƙe ɗaliban da muke duba ayyukansu da amana. Ga iyalanmu, muna godiya da haƙurin dararen da fitilar ɗakin karatu ba ta mutuwa. Za mu kai waɗannan buƙatu huɗu teburin tattaunawa, muna kuma roƙon kowane ɗan ƙungiya ya halarci taron reshe da shawararsa a hannu.